In kuɗin fansa ne waya na zuwa, in rasuwa ce sai shiru: ƴan ci-ranin da ke mutuwa a tsare

Da misalin ƙarfe 11 da rabi na daren Talata 2 ga watan Yulin 2019, wani jirgin yaƙi ya saki bam a kan garejin gyaran motocin mayaƙa da ke Tajura, gabas da birnin Tarabulus na ƙasar Libiya. Bayan mintoci kusan 11, bam na biyu ya faɗa kan wani dogon zaure da ke cikin harabar, inda aka kulle maza baƙin haure. Waɗanda suka tsira sun shaida wa ma'aikatan agaji cewa tsakanin bam na farko da na biyu wasu sun yi yunƙurin ɓalle ƙofa su gudu, masu gadi suka buɗe musu wuta.

Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Janairun 2020 ya ce aƙalla mutum 53 ne suka mutu, manya 47 da yara maza 6, wasu 87 kuma suka jikkata. Ya lissafa ƙasashen da aka ce mamatan sun fito: Aljeriya, Cadi, Bangladash, Maroko, Tunisiya, da Nijar.

Adadi ya zagaya duniya, sunayen ƙasashe ma haka. To amma uwar da ke zaune a wani ƙauyen Tawa ko Tanut, wadda ɗanta ya daina kira tun kafin azumin shekarar, adadi ba ya gaya mata komai. Abin da take son ji shi ne ko nata na ciki, a ina aka sa shi, kuma wace rana ce. Tambayoyi uku ne masu sauƙi, dokokin ƙasa da ƙasa ma sun ce haƙƙinta ne a amsa mata su. A mafi yawan wuraren da ake tsare ƴan Nijar a ƙetare, babu wani ma'aikaci da aikinsa ke nan.

Gidan da ba shi da littafi

Shekaru da dama ƙididdigar hukumar OIM na nuna ƴan Nijar ne suka fi kowa yawa cikin baƙin da ke Libiya, kusan ɗaya cikin kowane huɗu, kafin yaƙin Sudan ya kwararo da ƴan gudun hijira. Akasarinsu ba Turai suka nufa ba. Ƴan biɗa ne: aikin gona a Sabha da Ubari, birkilanci da leburanci a Misrata da Tarabulus, gadi, kiwo, wankin mota. A yi shekara ɗaya ko biyu, a dawo da abin rufin ɗaki ko na aure. Sai dai dokar Libiya mai lamba 19 ta shekarar 2010 ta ɗauki shiga ƙasar ba tare da takardu ba a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa sannan a kore shi, kuma ba ta ƙayyade iyakar zaman ba. Duk wanda aka tare a shingen bincike ko aka kwashe a samame zai iya tsintar kansa a ɗaya daga cikin cibiyoyin hukumar DCIM, wadda a takarda take ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, a zahiri kuma ƙungiyoyin masu bindiga ne ke riƙe da makullan da yawa daga cikinsu.

Tun a watan Disambar 2016 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa ana tsare mutane a waɗannan wurare ba tare da rajista ba, ba alƙali, ba lauya. Nan matsalar take farawa. Gidan da bai rubuta sunan mutum ranar da ya shigo ba, ba shi da wanda zai kira ranar da aka fitar da gawarsa.

Ko inda aka rubuta ɗin ma, sunan ɗan Nijar kan narke a hanya. Wanda takardar haihuwarsa ta ce Issoufou Mahamadou, mai gadi Balarabe zai rubuta shi Yusuf Muhammad, kuma a ɗaki ɗaya za a iya samun mutum biyar masu wannan suna. Abokan aikinsa kuwa ba su ma san shi da ko ɗaya ba, Ɗan Tawa ko Dogo ko Na-Allah suke kiransa. Ranar haihuwa ba ta raba gardama, tun da dubban mutanen karkara takardunsu 1 ga Janairu suke ɗauke da ita. Salular da ke ɗauke da lambobin gida ita ce abin farko da ake ƙwacewa. Ga kuma wata dabara da matasa ke koya wa junansu a kan hanya: in an kama ka kada ka faɗi sunanka na gaskiya, kada ka faɗi ƙasarku, don kada a maido ka. Dabarar na iya yin amfani ga mai rai. Ga wanda ajali ya riske shi a ciki, ita ce ke rufe ƙofar ƙarshe, domin ko jami'in ofishin jakadanci ya zo ya duba jerin sunaye, ba zai ga ɗan Nijar a wurin ba.

Mutuwar ma ba sai da bam ba. A cibiyar Zintan, ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce aƙalla mutum 22 suka mutu tsakanin Satumbar 2018 da tsakiyar 2019, yawancinsu da tarin fuka. Ranar 8 ga Oktoban 2021, mako guda bayan samamen unguwar Gargaresh da aka kwashe dubban baƙi, OIM ta ce masu gadi sun harbe mutum 6 a cibiyar al-Mabani. A watan Maris na 2024 an gano ramin da aka binne aƙalla gawa 65 a yankin Shuwairif, sannan a Fabrairun 2025 aka sake tono wasu ramukan a Jakhara da hamadar Kufra.

Lambar gida tana nan, in an so

Abin takaicin shi ne masu tsare mutane a Libiya sun iya neman dangi. Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Sabha ya ji labarin gidan bashi, inda ake ajiye wanda bai biya kuɗin mota ba, ko wanda aka sayar, har sai an fanshe shi. A can ba a rasa waya. Ana miƙa wa mutum salula, a sa shi ya kira mahaifinsa ko wansa, ana dukansa suna ji. Cikin kwana biyu an sayar da raguna, an jinginar da gona, an tura kuɗi. A cibiyoyin hukuma ma tsofaffin fursunoni da dama sun ba da shaidar cewa da kuɗi ake fita. Ke nan in kuɗi ake nema, ana gano lambar wani ƙauye da ke bayan Magarya cikin awa guda. In mutumin ya cika, kiran ne kawai ke tsayawa. Wani lokacin ma ba ya tsayawa: akan ci gaba da karɓar kuɗi a kan wanda ya riga ya kwanta dama, shi ya sa masu ƙwarewa ke gargaɗin kada a tura ko dala sai an ji muryarsa a ranar.

Yadda labari ke isa gida, in ya isa, ana iya ganinsa a wani lamari da ɗan jaridar Amurka Ian Urbina ya bi diddiginsa ya buga a mujallar New Yorker a ƙarshen 2021. Wani matashi manomi ɗan Gine-Bisau, wanda aka tare a teku aka kai al-Mabani, harsashin masu gadi ya same shi a cikin ɗaki da asubahin 8 ga Afrilun 2021. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta tabbatar da mutuwar mutum guda da jikkatar wasu matasa biyu a wannan dare. Abokan zamansa ne suka riƙe sunansa suka fitar da labarin. Wani dattijo danginsa da ke sana'ar ɗinki a Tarabulus shi ya je ya shaida gawar, aka binne shi a maƙabartar Bir al-Usta Milad, inda kaburburan baƙi marasa suna suke jere. Ya yi sa'ar abu biyu, in ana kiran wannan sa'a: yana da ɗan'uwa a garin, kuma waɗanda suka ga faɗuwarsa sun fito da rai.

Haka abin yake ga ƴan Nijar. Wanda aka sako, ko wanda aka koro ta Dirku kamar mutum 613 da suka iso a farkon Janairun 2025, ko wanda motocin Aljeriya suka sauke a Assamaka, shi ne ke zama ɗan aike. Yana dawowa da sunaye a kansa. Wasu sukan yi wata guda suna juya maganar kafin su iya taka ƙafa zuwa gidan mamacin, domin ba ƙaramin nauyi ba ne yaro ɗan shekara 20 ya tsaya gaban dattijo ya ce a gabana aka fitar da shi.

A al'ada ba haka ake faɗin mutuwa ba. Babba ake samu, liman ko kawu ko aminin uba, ya je ya zauna, a gaisa, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, ya bar zuciya ta shirya kafin ya sauke sauran. Uwa kuwa mata ake tara mata tukuna. Yanzu WhatsApp da Facebook sun tsallake duk wannan. Hoton fuskar gawa na yawo a zaurukan ƴan gari da rubutun cewa duk wanda ya san shi ya sanar da danginsa. Ba za a ce hanyar ba ta aiki ba, ta sa an gane mutane da yawa da da sun tafi ba suna. Amma ƙanwa kan buɗe waya da safe ta ci karo da fuskar wanta, kuma akan yi kuskure: a yi zaman makoki a kan mai kama da shi, bayan watanni ya kira.

Abin da takardu suka ce

Ranar 17 ga Disambar 2015 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 122 na kula da fursunoni, waɗanda aka raɗa wa sunan Nelson Mandela. Mandela da kansa ya ɗanɗani wani ɓangare na wannan ciwo: yana tsibirin Robben mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a 1969, duka biyu aka hana shi zuwa jana'iza.

Ƙa'ida ta 68 ta ba ɗan kaso damar sanar da iyalinsa nan take cewa an ɗaure shi, ko an sauya masa gida, ko ya kamu da ciwo mai tsanani. Ta 69 ta ɗora wa shugaban gidan kason nauyin sanar da dangi mafi kusa, ba tare da jinkiri ba, idan ɗan kaso ya mutu. Idan ciwo ne ko rauni ko an kai shi asibiti, a sanar da wanda shi ya zaɓa. Akwai wani sharaɗi a nan da ya dace da halin mutanenmu: in ya ce a fili ba ya so a gaya wa matarsa ko iyayensa ciwonsa, a mutunta maganarsa. Matasa da yawa kunya ce ke hana su bari a san suna kurkuku, gara a ɗauka ba su da kuɗin waya. To amma wannan zaɓi na rashin lafiya ne kawai, bai shafi mutuwa ba. Ƙa'ida ta 71 ta ce duk mutuwa ko ɓacewa ko mummunan rauni a tsare dole a kai rahotonsa ga alƙali ko wata hukumar da ba ta ƙarƙashin gidan kason, ta yi bincike. Ta 72 ta ce a mutunta gawa, a miƙa ta ga dangi da wuri, in an daɗe to da zarar an gama binciken.

Ƙa'idojin Mandela ma'auni ne, ba yarjejeniyar da ake kai ƙasa ƙara a kanta ba. Wadda ke da ƙarfin doka ita ce yarjejeniyar Viyana ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci. Sashe na 36 ya ce in an kama baƙo a sanar da ofishin ƙasarsa, idan ya nemi hakan, kuma wajibi ne a gaya masa yana da wannan dama. Sashe na 37 ya ce in baƙo ya mutu a sanar da ofishin ƙasarsa, nan ba sai wani ya nema ba. Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar. Nijar na da ofishin jakadanci a Tarabulus da ƙananan ofisoshi a Tamanrasset da Jidda da Kano. Sai dai sarƙar na da tsawo: daga mai gadi zuwa ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, zuwa ofishin jakadanci, zuwa Yamai, zuwa gwamna, zuwa magajin gari, zuwa mai gari. A kowace gaɓa takarda na iya kwana. Shi ya sa a aikace shugabannin ƴan Nijar mazauna garuruwan, da sarakunan zango, su ne ke zagaya asibitoci da ɗakunan ajiye gawa, su haɗa kuɗin likkafani, su kira gida.

Saudiyya nata salon dabam ne. Can akwai littafi, akwai kotu, akwai suna, amma sanarwar ce ba a yi. Lokacin da aka zartar wa mutum 81 hukuncin kisa a rana guda, 12 ga Maris na 2022, iyalai da dama sun ce a kafafen labarai suka ji. A Oktoban 2018 gwamnatin Indonesiya ta yi ƙorafi a hukumance bayan an kashe wata ƴar ƙasarta mai aikatau ba tare da an sanar da ofishin jakadancinta ba. A 2024 an zartar da hukuncin a kan mutum fiye da 300, sama da 100 daga cikinsu baƙi ne, har da ƴan Najeriya. Sau da yawa gawar ma ba a bayarwa.

A gida fa?

Nijar ta ɗaure kanta da abin da maƙwabtanta na arewa ba su ɗaure kansu da shi ba. A 2015 ta tabbatar da yarjejeniyar kare mutane daga ɓatarwa da ƙarfi, wadda Libiya ba ta ciki, Aljeriya kuma ta sa hannu ba ta tabbatar ba. Sashe na 17 na yarjejeniyar ya wajabta ajiye rajistar duk wanda ke tsare, da wurin da yake, da lafiyarsa, kuma in ya mutu a rubuta yadda abin ya faru, da sanadin, da inda aka kai gawar. Sashe na 18 ya ba dangi da lauyoyinsu haƙƙin samun waɗannan bayanai. A cikin gida akwai dokar watan Maris na 2017 kan tsarin gidajen kaso, kuma tsarewar ƴan sanda ko jandarma a laifukan yau da kullum awa 48 ce, mai shigar da ƙara na iya sabunta ta.

A garuruwa kamar Maraɗi da Damagaram, inda gidan kaso ke cikin gari, kwanon abinci ne ke riƙe da zumunci. Dangi ne ke kai tuwo da fura da sabulu da magani, don abin da gidan ke bayarwa ba ya isa. Wanda ake kai wa kwano kullum, ba ya kwana biyu da ciwo ba a sani ba. Wahalar tana kan wanda aka ɗauke daga yankinsa. Shari'un ta'addanci a Yamai ake yin su, don haka ɗaruruwan mutanen da aka kama a jihar Diffa tun daga 2015 an kai su Kollo da Kutukale da Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga gida. Matar da ke sansanin ƴan gudun hijira ba ta da kuɗin motar da za ta je ta tambaya. Kuma fiye da rabin waɗanda ke gidajen kason ƙasar jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba.

Ƙasar na da nata tabon. A 1999 fursunoni 29 suka mutu a babban gidan kason Yamai bayan an cusa su a ɗaki ɗan ƙarami. A Satumbar 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta bi jerin sunayen mutum 102 da aka ce sun ɓace a yankin Inates tsakanin ƙarshen Maris da farkon Afrilun shekarar, ta ce ta gano aƙalla gawa 71 a ramuka 6, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, zargin da hukumomin tsaro suka musanta. A ƙetaren Komadugu, ƙungiyar Amnesty ta ce fiye da mutum 7,000 suka mutu a hannun sojan Najeriya tsakanin 2011 da 2015, da yawa a barikin Giwa na Maiduguri. Matan da aka kwashe mazajensu suka kafa ƙungiyar Knifar, suka zauna suka rubuta sunayen da kansu.

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa sun ragu. CNDH na cikin hukumomin da aka rusa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar CICR, wadda ke ziyartar gidajen kaso tana ɗaukar saƙo tsakanin ɗan kaso da iyalinsa, hukumomi sun umarce ta a farkon 2025 ta rufe ofisoshinta, ta kuma tattara ta bar ƙasar. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar tana nan, kuma sada iyalan da suka rabu na cikin ayyukan da ƙungiyoyin Croix-Rouge ke yi kyauta a ko'ina. Mai neman ɗan'uwansa ana tambayarsa cikakken suna da laƙabi, sunan uwa da na uba, hoto, tabo ko tsaga ko karyayyen haƙori, ranar kira na ƙarshe da lambar da aka kira da ita, da sunan wanda ya gan shi a ƙarshe. Iyalai da yawa sai a nan suke gane cewa ba su da ko hoton katin ɗan ƙasarsa, ba su san garin da yake aiki ba, Libiya kawai suka sani.

Ko an samu gawa a hannu, akwai wani cikas da ke fitowa daga dangin kansu. Musulunci ya so a gaggauta sutura, zuciya ma ba ta son a taɓa mamaci da wuƙa. In jami'i ya ce ga gawarku, ku sa hannu ku ɗauka, ko ku jira likita ya bincika, mafi yawa za su ce Allah ya riga ya yi ikonsa. Ba laifi ba ne, amma da zarar an rufe ƙasa, shaidar duka ko ta rashin magani ta tafi tare da shi. Masu wanka su ne mutanen ƙarshe da ke ganin jikin, kuma neman takardar likita mai faɗin sanadin mutuwa kafin a ɗauka ba ya jinkirta jana'iza da kwana.

Takaba da gado na jiran rana

Wanda bai zauna cikin irin wannan gida ba zai ɗauka baƙin ciki ne kawai ake magana. Akwai shari'a a ciki, kuma a kan mace ta fi faɗawa.

Matar da mijinta ya rasu tana takaba wata huɗu da kwana goma, in ba ciki gare ta ba. Malaman mazhabobin nan huɗu sun tafi a kan cewa lissafin daga ranar rasuwar yake farawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. Matar da aka gaya wa bayan wata shida, iddarta ta riga ta fita ba ta sani ba. Wadda ba a gaya wa komai ba kuwa, ba matar aure ba ce da miji a gefe, ba bazawara ba ce. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, kamar yadda yake a Risala, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a bincika, in an rasa labarinsa a yanka mata shekara 4, sannan ta yi takaba, sannan ta iya aure. Wanda aka san kamamme ne a hannun abokan gaba hukuncinsa ya fi tsawo, don ana ɗaukarsa mai rai. Akwai mafita: in bai bar mata abin ci ba tana iya neman alƙali ya raba auren saboda rashin ciyarwa, ba sai ta jira shekarun ba. Sai dai kaɗan ne ke iya yin haka suna zaune a gidan surukai, uwar miji na cewa ɗanta na nan dawowa.

Dukiyarsa kuma ba a raba ta da cikar shekara 4. Malikawa sun ce sai an kai shekarun da sa'o'insa ba sa wucewa, abin da aka fi ƙaddarawa da shekara 70 daga haihuwarsa, sai fa in an tabbatar da mutuwar. Gona na nan a rataye, ba ta marayu ba, ba tasa ba.

Ranar ma kanta na iya sauya wanda zai ci gado. A ɗauka magidanci ya rasu a ƙauye cikin watan Rajab, ɗansa na tsare a Libiya. In ɗan ya rasu bayan uban, ko da kwana ɗaya ne, ya gaji rabonsa, rabon kuma ya gangaro kan matarsa da ƴaƴansa. In ya riga uban, ba shi da rabo, ƴaƴansa kuma baffanninsu sun katange su. Tsakanin samun gona da rasa ta, layi ɗaya ne a littafin da mai gadin wata cibiya bai rubuta ba.

Jana'iza ma haka. Malikiyya ba ta yin sallar gawa in babu gawa, ko da yake wasu malamai na yin ta bisa hujjar sallar da Annabi (SAW) ya yi wa Najjashi. Gidaje da yawa sukan tsaya a addu'a da sadaka. Amma sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in daga wace rana za a ƙirga su? Wasu iyayen sukan ƙi yarda a yi ko Fatiha, don yin ta kamar yanke ƙauna ne.

Daga ƙarshe maganar kan koma kotu, inda al'amuran aure da gado ake yanke su bisa al'ada, alƙali na zaune da masu taimaka masa da suka san fiƙihu. Ba a buɗe gado, ba a taɓa kuɗin da ke banki, sai da takardar mutuwa. In babu wadda ta zo daga ƙasar da abin ya faru, sai an nemi hukuncin kotu da ke tabbatar da rasuwar, shi kuma yana buƙatar shaidu. Shaidun su ne waɗancan abokan ɗakin: ɗaya ya koma Sabha neman abin da ya rasa, ɗaya na haƙar zinariya a Jado, ɗaya ɗan Cadi ne da ba wanda ya riƙe lambarsa.